Awon Baba Usmanu

Na isa Injamena da jaka ɗaya, da takardar kwas ɗin haɗa magani da na yi a Sakkwato, da alkawarin wani dillali cewa akwai aikin kantin magani yana jirana a Jidda. Mu tara ya kwaso daga Yelwa da Wara da Shanga. Ya sauke mu a wani gida kusa da kogi, ya karɓi fasfo ɗinmu wai zai kai a buga biza, ya ce kwana uku. Muka yi mako bakwai. Daga baya mai gidan ya miƙo mana fasfo ɗin a cikin leda, ba a buga komai a ciki ba. Dillalin kuwa ban sake ganinsa ba.

Yawancinmu suka juya gida. Ni kunya ta hana ni, don an riga an yi mini addu'ar tafiya a masallacin unguwa, Inna kuma ta raba waina sadaka. Abin da ya ciyar da ni a garin shi ne sana'ar gidanmu. Babana masunci ne, a jirginsa na girma a bakin tafkin Kainji, don haka na zauna da masuntan kogin Shari ina ɗinke musu taru, suna ba ni abinci. Wata tsohuwa mai bandar kifi takan ajiye mini kan tarwaɗa kullum, ba ta taɓa tambayar sunana ba. A wurinsu na tsinci Larabcin kasuwa, a kan Hausa da Gungancin da na sha a nono da Turancin makaranta. Wata huɗu bayan haka wani direban babbar mota ya ɗauke ni zuwa Sudan, ina taya shi ɗaure kaya.

A Umdurman na fara shiga masana'antar magani. Ƙarama ce, ƙwayar ciwon kai suke bugawa. Da safe mutane ke taruwa a bakin ƙofa, ɗan'uwan mai wurin ya fito ya nuna wanda ya ga dama da yatsa. Na nuna masa takardata, bai buɗe ba. Ya duba kafaɗuna ya ce in shiga. Ba wanda ya koya mini komai. Na kalli na kusa da ni, na yi yadda yake yi.

Dokar wurin ɗaya ce: wanda ya yi kuskure, ranar zai tafi. Saboda haka ba a taɓa jin an yi kuskure ba. Idan ƙwayoyi suka zube a ƙasa, a share da sauri a mayar cikin roba kafin a gani. Na ga mutumin da ya yanke a hannu ya ja hannun riga ya rufe, ya ci gaba da cika kwalabe. Masu wurin suna alfahari da cewa ma'aikatansu na tsoronsu, kuma gaskiya ne, muna tsoronsu. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Da na koma na tarar da wani a gurbina, mai gadi ya miƙo mini takalmana ta saman ƙofa.

A kwanakin da ba ni da aiki nakan je kasuwar kifi ta bakin Nilu, ba don saye ba, don ƙarnin wurin irin na bakin ruwan Yelwa ne. Wata Juma'a na tsaya a gaban wani ƙaton kifi, na ce a fili, "Giwan ruwa." Wani dattijo mai farar jallabiya da ke ciniki ya juyo.

"Kai, daga wace ƙasa kaf fito?"

Na ce Yawuri.

"Yawuri ta bakin Kwara? Kakana ya sha faɗinta. Riƙe min kifin ga, mu tai gida."

Shi ne Baba Usmanu. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Sudan bai ƙara gaba ba. Baba bai taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffin garinmu ce, munka da sunka, har da kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake ji ba. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure a gidansa na Bahri, a ƙetaren Nilu. Matarsa, Inna Batulu, ta yi tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ci ina kallon bango don kada su ga idona.

Baba ma'aikaci ne a wata babbar masana'antar magani, shekara ashirin da shida yana ɗakin awo. Ya ce zai kai ni, amma iyakarsa bakin ƙofa. "Ciki akwai Ustaza Amal. Ita ba ta san ɗan kowa ba."

Ustaza Amal ce shugabar ofishin kula da ma'aikata, mace siririya mai magana a hankali. Ta buɗe takardata ta karanta har ƙasa. Aka yi mini jarrabawa, likita ya duba ƙirjina da fatata da idona. Ta tambaye ni da wane harshe na fi fahimta, na ce Turanci a karatu, Larabci a magana, sai ta sa aka ba ni takardar aikina cikin duka biyun, abin da ke kaina da abin da ba ya kaina. Su suka nema mini izinin zama a ƙasar, kuma izinin a jikin aikin yake: in aikin ya tafi, shi ma ya tafi. Mako uku muka yi a aji kafin a bar mu mu taɓa ko cokali. An koya mana wanke hannu kamar ba mu taɓa yi ba, da sa hula da takunkumi da safar hannu. An ce wanda ba shi da lafiya ya faɗa, zai huta, gurbinsa na nan. Ban yarda ba sai da na ga an yi wa wani.

Babbar dokar ɗakin awo ita ce mutum biyu. Ɗaya ya auna garin magani, na biyu ya dubi lambar da ke fuskar sikeli da idonsa, ya gwada da abin da takardar haɗi ta ce, sannan ya sa hannu a ƙarƙashin na farko. An maimaita mana wannan har muka gaji. Na ji, na kuma ci jarrabawarsa.

To amma akwai abin da na zo da shi daga gida wanda jarrabawar ba ta tono ba. A jirgin babana, idan babba ya ƙulla igiya, ƙarami ba ya kai hannu ya ja don ya ji ko ta ƙullu. Ina ɗan shekara goma na taɓa jan ƙullin da ƙanen babana ya yi, sai na ji ya sauke mini filafilin tuƙa jirgi a gadon bayana. Babana bai ce komai ba, ni ma ban sake ba. Haka a bakin ruwa, idan dattijo ya auna kifi a daro ya ce ya cika, ya cika. Sake dubawa a gabansa daidai yake da ce masa maƙaryaci, ko kuma ya tsufa.

Wata biyar ina aiki da wani Basudane mai suna Tariƙ, wanda shi ne kuma ke gwada lafiyar sikeli kowace safiya. Shi kam ina duba awonsa har yana tsokanata, wai ko surukarsa ba ta sa masa ido haka. Sai aka sauya jadawali aka haɗa ni da Baba. Ranar farko na matso zan leƙa sikeli, ƙafata ta ƙi. Mutumin da ya tsince ni a kasuwar kifi, wanda nake kwana a gidansa nake cin tuwonsa. Na tsaya taku ɗaya a bayansa, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ya cika." Na sa hannu. Haka muka yi ta yi mako shida.

Kuma na san abin da na sani. A gida na ga yana kai Alƙur'ani dab da hancinsa, ga shi ya haddace, don haka ba mai lura. Na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi. In za mu hau bas yakan ce, "Duba muna lambar, ni hankalina na wani wuri." Ban taɓa haɗa wannan da sikeli a bakina ba, ko da yake a zuciyata na haɗa.

Wata safiya muka auna garin maganin zazzaɓin yara, na ruwa. Takarda ta ce kilo goma sha uku. Baba ya zuba, ya ce ya cika, na sa hannu. Bayan kwana uku ɗakin gwaji suka tsayar da haɗin gaba ɗaya: maganin ya fi ƙarfin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Da aka auna ragowar buhu aka ga kilo biyar sun yi ƙafa. Sha takwas aka zuba. Irin wannan maganin idan ya yi yawa hantar yaro yake ci. Ko kwalba ɗaya ba ta fita ba, amma na wuce ta gaban tankin haɗin na ga an zagaye shi da jan ƙyalle, na tuna yadda ake ɗura wa yara irinsa a garinmu, cokali a cike, har a ƙara.

Aka ce gobe za a kira mu ɗaya bayan ɗaya. Bayan la'asar Baba ya same ni a zaure.

"Gobe ka ce ka duba, ka ga sha ukku. Ni ma haka za ni cewa. Sikeli na, ƙarfe na, shi ka ɗaukar laifi."

Na ce, "Baba, in an ce sikeli ne, Tariƙ za a kama. Shi ya gwada shi da safen."

"Shekara ashirin da shidda ba a taɓa maido min da haɗi ba. Kai wata nawa gare ka?"

Ya shiga ciki. Can Inna Batulu ta kawo mini abinci da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye kwanon, ta gyara murfin da ba ya bukatar gyara.

"Shekaranjiya gishiri yas sa a shayi," in ji ta. "Ka sha, na sha, ba wanda yac ce komi. Ci abincinka."

Da safe na haɗa kayana a jaka kafin in fita, don a Umdurman na koyi cewa ba a ba mutum lokacin haɗa kaya.

A ofis na tarar da Ustaza Amal da shugaban sashen duba inganci. Ta sa aka kawo mini shayi. Ta ce, "Haɗin ya riga ya lalace, ba zai gyaru ba. Abin da nake nema shi ne yadda aka yi, don kada a sake. Ka dubi sikelin?"

Na ce, "Ban duba ba."

"Ranar kaɗai?"

"Tun da aka haɗa ni da shi."

Shugaban ingancin ya ajiye alƙalaminsa da ƙarfi. Ita ba ta motsa ba. Ta ce, "Tariƙ ya ce kai ne mai sa ido fiye da kowa a ɗakin. Me ya bambanta?"

Sai na ba ta labarin igiya da filafili, da Larabcina na kasuwa. Na ɗauka za su yi dariya. Ta tambaye ni a ina nake zaune, na ce a gidansa. Ta buɗe fayil ɗina ta duba adireshin, ta buɗe nasa ta duba.

"Ga shi a rubuce a gabana, gida ɗaya," ta ce da shugaban ingancin. "Ni na sa hannu a jadawalin. Mu ma a nan wa zai duba awon mutumin da ya ba shi ɗaki?" Sannan ta juyo gare ni. "Sa hannu a kan abin da ba ka gani ba babban laifi ne, kuma za ka ɗauki hukuncinsa. Amma saura tambaya ɗaya. Mutumin da ya shekara ashirin da shida bai yi kuskure ba, me ya sa ya ga takwas ya ce uku? Akwai abin da ka sani?"

Da na tsaya a nan, da na fita da laifina ni kaɗai, Baba ya koma kan sikeli da wani sabon mai duba, wataƙila mai kunya irina. Na ce, "A duba idonsa."

Ta sake buɗe fayil ɗin Baba, ta yi ta juya takardu har ta kai ta ƙarshe, wadda ta yi ja don tsufa. Gwajin ido ɗaya ne a ciki, na ranar da aka ɗauke shi aiki.

Ba a kore ni ba. An ba ni takardar gargaɗi, aka hana ni sa hannu a kowace takarda har wata uku, aka ce in koma aji. Haɗin aka zubar. A cikin makon aka kawo likitan ido ya duba duk wanda ke ɗakin awo da ɗakin gwaji, mutum huɗu suka fito da tabarau, ciki har da shugaban ingancin. Aka mayar da gwajin na kowace shekara. Aka sayo sikeli mai buga lamba a takarda. Aka kuma sa doka cewa ba a haɗa 'yan gida ɗaya ko surukai a awo ɗaya. Baba kuwa yanar ido aka samu a idanunsa duka biyun. Masana'anta ta kai shi asibiti, aka ce in ya warke ba zai koma sikeli ba, zai riƙa koyar da sababbin ma'aikata.

Shi bai ga wannan a matsayin alheri ba. Ranar da aka gaya masa, ya tsaya a ƙofar zaure bai shigo ba.

"Na ba ka ɗaki," ya ce, "kai ko ka ba su idona."

Jakata a haɗe take. Na kama ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa tare da wasu Habashawa biyu. Wata biyu in na gaishe shi a masallaci sai ya amsa wa bango. Duk Juma'a dai wata maƙwabciyarsu takan kawo mini kwano a ɗaure da ƙyalle, ta ce ba a ce ta faɗi wanda ya aiko ba. Wannan lokacin ya fi mini Injamena wuya. A can yunwa ce kawai.

Ajin da aka ce in maimaita ba a fara shi ba sai da aka ɗauki sababbin ma'aikata, kuma ranar darasin awo, wanda ya shigo koyarwa Baba ne, da tabarau mai kauri. Mu goma sha biyu ne. Ya yi bayani da Larabci bai dubi inda nake ba. Ya ɗora roba a sikeli, ya zuba gari, ya ce takarda ta ce kilo biyu, kuma ya cika. Sai ya ce da Hausa, "Ɗan Yawuri, taho ka duba."

Na taso. Na tsaya a bayansa taku ɗaya, kamar da.

"Nan sikelin yake, ba bayana ba."

Na matsa har kafaɗata ta taɓa tasa. Biyu da rabi ne. Na ce a hankali, "Baba, ya wuce."

"Da ƙarfi. Da Larabci, su jiya."

Na faɗa da ƙarfi. Ya juya ga ajin ya ce, "Wannan tuwon gidana ya ci. Sa'an ɗana ne. Kun ji abin da ya gaya mini a gabanku? Wanda ba zai iya gaya wa ubansa haka ba, ya nemi aiki a sashen kwali." Ya kwashe rabin kilon, ya sa hannu, ya miƙo mini alƙalamin duk da ya san an hana ni. Na ce an hana ni. Ya ce, "Madalla, wannan ma gwaji na." Aka yi dariya. Da za a tashi ya ce, yana goge tabarau, "Jumma'a akwai giwan ruwa." Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, kuma ban koma ɗakin zaure ba. Amma duk Juma'a a gidansa na ci abinci har na bar ƙasar.

Na shekara tara a wurin. Daga baya aiki ya kai ni Alƙahira, ya kai ni Indiya kwas. A Alƙahira da ihu ake duba awo, kowa na rantsuwa, amma ana dubawa. A Indiya na ga matashi ya durƙusa ya taɓa ƙafar dattijo da safe, bayan awa ɗaya ya mayar masa da takarda ya ce ya sake. Na ga kuma wurare masu injuna sababbi fil da ma'aikata masu rawar jiki in shugaba ya wuce, irin na Umdurman, sai dai sun fi tsabta. In na shiga masana'anta yanzu ba injin nake fara kallo ba. Nakan tambayi wanda ya yi kuskure na ƙarshe, in ji ko yana nan. Baba ya rasu kafin yaƙi ya watsa Khartum. Ustaza Amal ban san inda ta faɗa ba.

Yau ina da kantin magani a Yelwa, ba nisa da kasuwar kifi. 'Yata Hadiza ce ke riƙe da shi tare da ni. Ta yi karatun haɗa magani, tana da 'ya'ya uku. Kwanakin baya wata mata ta hayo jirgi daga wani tsibiri da takardar likita ta ɗanta. Na ɗauko maganin, na rubuta yadda za a sha a jikin kwalin, na miƙa wa Hadiza ta sa a leda. Ta karɓa tana kallon ƙasa, tana tsaye taku ɗaya a bayana. Na san wannan tsayuwar.

Na ce, "Duba."

"Baba, ai kai ka rubuta."

"Shi ya sa."

Ta ɗauki takardar likitan ta karanta, ta karanta kwalin, ta sake karanta takardar. Matar na jira, tana gyara goyo.

"Sau uku ka rubuta," in ji Hadiza, muryarta can ƙasa. "Likita sau biyu ya ce."

Na karɓi kwalin na kai shi dab da hancina. Na soke, na gyara, na sa hannu. Sannan na miƙa mata alƙalamin na nuna mata ƙarƙashin sunana. Ranar Litinin ita ta raka ni asibitin ido, ita ta karanta mana lambar motar.